Uwar Taga, Wadda Ta Koya Mana Amsa Kira

Kafin a buɗe ƙofar ofishin rajistar kamfanoni, ita ta riga ta iso. Mai gadin wurin ya ce tun da aka kawo shi aiki bai taɓa ganin ta makara ba, sai ranar da ruwan sama ya shafe titi. Takan shigo da jaka a hammata da robar ruwa a hannu, ta gaishe shi, ta tambayi gwiwarsa mai ciwo, ta wuce ciki. Ba kwamfuta take fara kunnawa ba. Tsumma take ɗauka ta goge gilashin tagarta ciki da waje, domin a cewarta ba ta iya yi wa mutum bayani idan ba ta ganin idonsa. Sai ta duba biron da ta ɗaure da zare a bakin tagar, ta gwada shi a tafin hannu. Daga nan ta jawo wata 'yar kujera marar majingina ta ajiye a waje, ta wajen da jama'a suke tsayawa. Kujerar ba ta ofis ba ce, daga gidanta ta kawo ta.

A zauren akwai tagar biyan kuɗi, akwai tagar miƙa takardu. Tata ita ce ta ƙarshe, kusa da fanka mai ƙara, kuma ita ce tagar tambaya. Duk wanda ya shigo yana juya takarda sama da ƙasa, ya rasa ina ne kanta, mai gadi yakan nuna masa da haɓa ya ce, "Je ka wurin Uwar Taga." Ban san wanda ya raɗa mata sunan ba. Ita ma ta ce ba ta sani ba, ta dai wayi gari ta ji tana amsawa.

A watan nan ta yi ritaya, shi ya sa na ɗauki biro. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma har yau yawancin abin da ake yi a ofishin nan bai zauna mini a kai ba. Idan na faɗi wani abu ba daidai ba, ni ce na ji shi a karkace, ita ta faɗa daidai.

Ga abin da na iya riƙewa. Duk wanda ya yi wa sana'arsa rajistar kamfani, to ya ɗauko wa kansa wani alƙawari da hukuma. Kowace shekara sai ya kai bayanin kamfanin: yana nan ko ba ya nan, ina yake zaune, su wa suke riƙe da shi. Idan ya tashi daga shago ya koma wani, sai ya sanar. Idan ɗaya daga cikin daraktoci ya sauka ko ya rasu, sai an sanar. Wanda ya yi shiru a ci shi tara, wanda shirunsa ya yi tsawo a soke kamfaninsa daga rajista. Manyan kamfanoni suna da lauyoyi da akantoci masu yi musu wannan. Irinmu kuwa, masu shago ɗaya da inji ɗaya, Uwar Taga muke da ita.

Matar da take hoton takardu a bakin ƙofar ofishin ta ba ni labarin wani makanike. Ya tashi daga tsohon garejinsa bai sanar ba, sai takardun gargaɗi suka yi ta zuwa wurin mai wankin motar da ya gaje shi, shi kuwa yana goge hannu da su. Ranar da makaniken ya ji an ci shi tara, ya shigo zauren yana faɗa, rigarsa duk baƙin mai. Ya ce shi gareji ya canza, ba suna ya canza ba, kowa a unguwa ya san inda ya koma.

Uwar Taga ta ce, "Kowa ya sani, amma ka gaya mana?"

Ya ce, "Ku ba ku da ido ne? Ga allo na kafa, ƙato!"

Ta ce, "Malam, ni daga tagar nan ko mai gadi ba na hangowa sosai, balle allonka. Zauna ka sha ruwa."

Ya zauna a kujerar nan yana huci. Mai hoton takardu ta rantse mini cewa kafin ya tashi sai da ya tambayi Uwar Taga ko tana da motar da zai duba mata kyauta. Ta ce ba ta da ko keke.

Wata tela kuma ni da kunnena na ji tata. Ta yi jinya shekara guda ba ta buɗe shago ba, sai ta ɗauka tunda ba ta yi ɗinki ba babu abin da za ta kawo. Uwar Taga ta ce mata, "Ko barci kamfani yake yi, sai an zo an ce mana barci yake yi." Telar ta ce, "Yau ga ikon Allah, barcin ma sai da takarda?" Duk layin ya kwashe da dariya, har ita Uwar Taga. Sannan ta kama mata fom ɗin layi bayan layi, ba gaggawa, mutanen baya suna tsaki tana yi kamar ba ta ji.

Yanzu bari in faɗi namu, domin shi na gani da idona.

Babanmu kafinta ne. Bencin makaranta da teburan malamai yake yi, a wani shago da yake manne da gidanmu. Wata makaranta ce take sayen yawancin aikinsa, kuma ita ce ta ce masa ba ta ciniki sai da kamfani mai rajista. Shi ya sa ya yi rajistar. Hayar shagon ma da sunan kamfanin ya kama. Da Allah ya karɓi abinsa, yayana ya ci gaba da aikin shi da ma'aikatan da Baba ya bari. Daga shagon nan muke ci, daga nan iyalan ma'aikatan suke ci. Muka yi ta tafiya a haka, babu wanda ya tuna da wani ofishi.

Rannan makarantar ta ce wa Yaya ba za ta ba da aikin sabon zango ba sai ya kawo takardar da ke nuna kamfanin yana nan a rajista. Ya tafi ofishin da safe da ƙarfinsa, ya dawo da rana fuska a murtuke. Ina tsakar gida ina wanki, Umma tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta.

Ya ce, "Wai ba su san ni ba."

Umma ta ce, "Kamar yaya ba su san ka ba? Ba ka gaya musu ɗan wane ne kai ba?"

"Na gaya musu. Wai sai darakta."

"Darakta ai ya riga mu gidan gaskiya."

"Wai akwai wani daraktan."

"Wane ne?"

Sai ya juyo ya tsaya a kaina, ya cire hula ya rusuna. Ya ce, "Ranki ya daɗe, Darakta. A gama wankin tukuna ko a kawo mota?"

Na ɗauka zolayarsa ce ta kullum. Ashe gaskiya ne. Lokacin da Baba zai yi rajista an nemi sunan mutum na biyu. Yaya yana wani gari yana koyon aikin inji, Umma kuma ba ta rubutu. Na tuna wata rana Baba ya kira ni ya ce, "Auta, zo ki rubuta sunanki a nan." Na rubuta, na koma wurin girki. Ashe tun ranar ni darakta ce. Yaya da yake kwana da garin katako a gashinsa ba kowa ba ne a takarda, ni da ban taɓa riƙe zarto ba ni ce mai magana. Har yau idan na tuna sai kaina ya yi nauyi.

Ba nan abin ya tsaya ba. Tun rasuwar Baba ba a kai bayanin shekara ba, kuma ofishin ya sa kamfanin cikin waɗanda za a soke idan wata ya ƙare. Idan aka soke shi, aikin makaranta ya tafi, hayar shago ta tafi, tunda wanda ya kama hayar babu shi.

Washegari Yaya ya tasa ni gaba muka tafi. Ni ko a gida ba mai magana ba ce. Da muka iso tagar na ga mace mai farin gilashi tana kallona, sai harshena ya ƙi motsi. Yaya ya fara zuba bayani ta saman kaina. Ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta ce, "Ɗan samari, bakinka ya yi aiki, Allah ya yi albarka. Koma benci ka huta, a bar nata ya taɓa." Ta nuna mini kujerar. "Zauna, 'yata. Ba kotu ba ce."

Na zauna. Ba ta tambaye ni lambar rajista ba. Ta ce, "Me babanki yake ƙerawa?" Na ce benci. Ta ce masu majingina ko marasa? A haka, a haka, sai na ji ina magana.

Sai ta ɗauki kofin shayinta ta ajiye a bakin taga. Ta ce, "Wannan shi ne kamfani. A wurin doka, mutum ne."

Na ce, "Mutum, Mama?"

"Mutum."

"Wato Baba ke nan?"

"A'a. Babanki shi ya kafa shi, amma ba shi ba ne."

"To Yaya ne?"

"Ba shi ba ne."

Na yi ƙasa da murya na ce, "Ni ce?"

Ta yi dariya har ta cire gilashi. "Ke ma ba ke ba ce."

"To ina yake?"

"Ba ya ko'ina da za ki je ki gaishe shi. Yana da suna, yana kama haya, yana ciniki, amma ba shi da baki. Daraktoci su ne bakinsa. Baki ɗaya ya rufe, Allah ya jiƙansa. Saura ke."

Na kalli kofin, na kalle ta. Wallahi ban gane ba. Mutumin da ba ya cin abinci, bai yi jinya ba da Baba ya yi jinya, bai mutu ba da Baba ya mutu, amma kuma ana shirin kashe shi a ƙarshen wata saboda ban yi magana ba. Ta ga fuskata ta ce, "Ba sai kin gane duka yau ba. Ni ma na daɗe a tagar nan kafin ya zauna mini. Riƙe abu biyu kawai." Na farko, a kawo bayanin shekarun da aka tsallake. Na biyu, a sanar da rasuwar Baba a hukumance, in ya so a sa Yaya a gurbinsa. Wannan na biyun kuwa ba ya yiwuwa sai da takardar shaidar rasuwa.

Yaya ya leƙo ya tambayi yadda za a yi da rabon Baba a kamfanin. Ta ce, "Wannan maganar gado ce, ba tagata ba ce. Ku nemi masu ilimin abin, kada in ɓatar da ku." Haka take. Abin da ta sani ta faɗa, abin da ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba.

Takardar shaidar rasuwar tana cikin akwatin Umma, a ƙarƙashin zannuwanta. Muka ɗauka abu mai sauƙi ne. Da Yaya ya yi mata bayani, sai ta ajiye abin da ke hannunta.

Ta ce, "Wato a cire sunansa."

"Umma, ba cirewa ba ce, sanarwa ce."

"Bayan sanarwar sunansa zai zauna a darakta?"

Yaya ya girgiza kai.

Ta ce, "To an kai shi makwanci sau ɗaya, ba za a sake kai shi da hannuna ba. Rigunansa kun raba, kekensa kun sayar, ban ce komai ba. Wuri ɗaya ya rage da har yanzu ake rubuta shi a cikin masu rai, nan ma sai kun bi shi?"

Ta tashi ta shiga ɗaki, muka ji ƙarar makullin akwati. Daga ranar makullin ya koma bakin zaninta.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Ma'aikata suka fara tambayar Yaya ko su nemi wani wurin. Ni kuwa na rasa bayan wa zan bi. Idan Yaya ya yi magana sai in ga shi ne da gaskiya. Idan na ga Umma zaune ta zuba wa ƙofar shago ido, sai in ga ita ce da gaskiya. Ga shi an ce ni ce baki.

Sai Yaya ya zo da dabara. Ya iya sa hannun Baba, tun yana yaro yake kwaikwayonsa. Ya ce a bar Baba a darakta yadda Umma take so, shi zai riƙa sa masa hannu duk shekara, kowa ya huta. A lokacin na ga kamar Allah ne ya kawo mafita. Muka koma tagar, Yaya ya sunkuya ya raɗa mata, yana murmushi.

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ce, "Maimaita, ban ji ba."

Ya daina murmushin, ya ja da baya.

Ta ce, "Mutumin da ya yi sana'arsa da gaskiya har ya koma ga Ubangijinsa, shi za ka sa ya riƙa yin ƙarya duk shekara daga kabari? Ba a tagata ba. Kuma laifi ne babba, ranar da hukuma ta tashi kamawa ƙanwarka za ta fara kamawa, don ita ce darakta." Ta juyo wurina, muryarta ta sauko. "Me ya hana takardar zuwa?"

Na gaya mata duka, har maganar riguna da keke. Can ta ce, "Kwatanta mini gidanku."

Ranar hutunta, da yamma, sai ga ta a ƙofar shago da jakarta a hammata. Babu fom a hannunta, babu biro. Ta yi sallama, ta ce ita baƙuwa ce ta zo gaida matar gidan. Umma ta fito fuska a ɗaure, don ta gane ko wace ce. Ta ce, "Baiwar Allah, idan takarda kika zo karɓa, kin sha hanya a banza."

Uwar Taga ta ce, "'Yar'uwa, ni yau ba na aiki. Ƙafata ce ta gaji, a ba ni wurin zama."

Aka nuna mata wani tsohon benci a bakin shago. Ta zauna, ta jijjiga shi, ta shafa gefensa. Ta ce, "Wa ya yi wannan? Ko motsi ba ya yi."

Umma ta ce, "Shi ne. Tun kafin a haifi wannan." Ta nuna ni.

Shi ke nan, Umma ta zauna a ɗaya gefen. Ta fara ba da labarin Baba, abin da ba ta yi da kowa ba tun rasuwarsa. Yadda yake sa fensir a bayan kunne ya manta, ya tashi gidan duka da nema. Yadda ba ya iya cin abinci a zaune idan ya ji sallama a shago. Ta ce, "Ko yaro ne ya kira shi daga titi sai ya ajiye guduma ya amsa. Nakan ce masa, kai dai ba za a taɓa kiranka sau biyu ba."

Ina tsaye a bayan ƙofa, Yaya yana cikin shago yana yi kamar yana share ƙasa.

Uwar Taga ta ce, "'Yar'uwa, kin taɓa raka yaro makaranta kika ji malami yana kiran suna?"

"Na taɓa."

"To aikin ofishinmu ke nan, ba wani abu ba. Duk shekara muna kiran suna. Wanda aka rubuta shi ne darakta, shi ake kira, shi ake jira ya ce muna nan. Tun da mai gidanki ya rasu ake kiransa. An kira shi bara, an kira shi bana. Mu ba mu san ya rasu ba, babu wanda ya gaya mana. Kin san abin da ake rubutawa a gaban sunan wanda aka kira bai amsa ba?"

Uwar Taga ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Ana rubuta ya ƙi amsawa. Ya saɓa. Ba a rubuta Allah ya jiƙansa, don ba a sani ba. Ni ba zan yi miki ƙarya ba, idan kin ba da takardar za a rubuta ranar da ya sauka daga darakta, sunansa ya koma cikin waɗanda suka riƙe kamfanin a baya. Idan kin hana, zai zauna a inda kike so, ana kiransa yana shiru, har ƙarshen wata a soke kamfanin a kan shirunsa. Zaɓi naki ne, mijinki ne. Ni dai na ga bencinsa, ban ga alamar mai saɓawa ba."

Ta tashi, ta karkaɗe garin katako daga zaninta, ta yi sallama. Ko maganar takardar ba ta sake yi ba. Umma ta zauna a bencin har aka kira magariba. Ni kuwa na ƙara rikicewa, don na ɗauka za ta lallashe ta, sai na ga kamar ƙara mata ciwo ta yi ta tafi.

Da safe na fito na tarar da Umma ta yi shiri, mayafi a kafaɗa. Ta ce, "Darakta, sa takalminki." Ba ta ba ni takardar ba, ba ta ba Yaya ba. Ita ta riƙe ta a ƙirji har cikin zauren. Ta bi layi kamar kowa. Da aka zo kanta, ta zauna a 'yar kujerar nan, ta tura takardar ta ƙarƙashin gilashi, ta ce, "Ga shi. A rubuta ba ƙi ya yi ba. A daina kiransa, a bar shi ya huta."

Uwar Taga ta karɓa da hannu biyu. Ta ce, "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Mutanen layin da ba su san mu ba suka ce amin.

Sauran aikin ya ɗauke mu kwanaki. Tarar da aka ci mu ba ta yafe ba, ta ce ba ikonta ba ne, kuma ba ta taɓa nuna mana wata ƙofar baya ba. Amma ta tura mu wurin akantan da zai haɗa mana lissafin shekarun, ta duba kowane fom kafin mu kai tagar miƙawa. Sau da yawa na sa hannu a inda ba nan ba ne, ta kawo sabo ba tare da ta ɗaga murya ba. Kafin wata ya ƙare aka cire mu daga cikin waɗanda za a soke. Makaranta ta ba da aikin. Injin shago bai tsaya ba. Yaya ya zama darakta shi ma, amma bai daina rusuna mini ba idan yana so in zuba masa abinci.

Uwar Taga, ke ce kika goge gilashi don ki ga fuskar talaka. Ke ce mai kujerar ruɗaɗɗu. Albashinki na tsayawa a bayan taga ne, babu wanda ya aike ki ƙofar shagonmu ranar hutunki, babu wanda zai tuhume ki da kin bar mu an soke mu. Ban san sunan muƙaminki ba, ban san ko an taɓa ba ki lambar yabo ba. Na dai san akwai gidaje da ake ɗora tukunya a cikinsu yau saboda kin ƙi yin gaggawa.

Bara ƙafar kujerar ta karye a ƙarƙashin wani mai jiki. Da Umma ta ji, ta sa Yaya ya ƙera sabuwa da katakon da Baba ya bari, ta tsaya a kansa har ya gama. Ranar da aka yi wa Uwar Taga taron sallama a zauren, na ɗauka za ta tafi da ita gida. Sai ta ɗauke ta ta ajiye a gaban matar da za ta gaji tagar, ta ce, "Kwamfuta za su koya miki. Wannan ni zan koya miki: idan mutum ya zo a ruɗe, ki zaunar da shi tukuna."

A taron an ce ko akwai wanda zai yi magana a madadin masu ƙananan kamfanoni. Mai gadi ya nuna ni, makaniken nan ya ce, "Ga Darakta can!" Na miƙe, na ga idanu, bakina ya mutu kamar ranar farko. Na koma na zauna ban ce uffan ba. Uwar Taga ta yi mini murmushi daga nesa, ni kuwa na dawo gida da maganar ban faɗe ta ba. An kira ni ban amsa ba, a gaban wadda ta koya mini amsawa. Wannan rubutun shi ne amsata, ko da ta makara.

Na gode, Mama. Umma ta gode, Yaya ya gode, ma'aikatan shago da iyalansu sun gode. Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya sa yadda kika zaunar da mutane ke ma a zaunar da ke a inuwa ranar da kowa yake tsaye.

Ku kuma da kuke zaune a bayan tagogi, a kowane ofishi kuke, ku duba fuskar wanda ke gabanku kafin ku duba takardarsa. Wanda ya yi shiru ba lallai taurin kai ba ne, wataƙila bai ma san ana kiransa ba. Masu ƙananan kamfanoni 'yan'uwana, kada ku jira sai an zo soke ku. Ku je ku tambaya, ko da za a yi muku dariya.

Ni har gobe ban gane yadda kofin shayi ya zama mutum ba. Amma duk shekara idan lokaci ya yi, Umma ce take fara tunawa. Takan leƙo ɗakina ta ce, "Auta, an kusa kiran suna." Sai in sa takalmi, in ɗauki fayil, in je in ce muna nan.